Karatun da Guntur Ya Ɗauka a Wurin Kwamfuta

"Hanya lafiya ƙalau, Mbah. Miƙo hannun mana in gaishe ka."

"Ba zan miƙa ba. Wannan hannun na gaisawa da mutanen kirki ne."

"Shi ya sa ya bushe haka, ya daɗe bai samu aiki ba."

Ratri ke nan, 'yata, ko jaka ba ta sauke ba daga motar Semarang inda take karatun kwamfuta. Wanda take wa bakin kuwa kakanta ne, Mbah Warsito, mahaifin marigayi maigidana. Tun tana rarrafe haka suke. Ta kamo hannun da ƙarfi ta kai goshinta, shi kuma ya ja ya goge a jikin zanensa kamar ya taɓa kifi. Ni ina gefen baranda ina ɓare albasa, na ajiye musu shayi da soyayyar ayaba.

A saman kansu kejin Guntur ne a rataye, lulluɓe da zane. Guntur tsuntsun murai ne, mai doguwar jela, kuma duk garinmu na Klaten an san shi a filin gasar kuka. Ya yi watanni bai fita ba saboda yana zubar da tsohon gashi. A irin wannan lokacin ake rufe tsuntsu a bar shi cikin duhu, a riƙa kunna masa kukan wasu tsuntsaye a hankali, don duk abin da ya ji a lokacin shi yake haddacewa. Mbah da kwamfutarsa yake kunna masa. Ranar Lahadi ne Guntur zai koma fili, kuma Mbah ya riga ya gama cika baki a shagon Pak Darmaji mai aski, wanda tsuntsunsa ke cinye tutocin nasara da alƙalai ke bayarwa tun da namu ya kwanta.

"Zauna, Nduk," in ji Mbah, haka ake kiran 'ya mace a wajenmu. "Shari'a za mu yi. Kin kashe mini tsuntsu."

"Ni da nake wani gari? Da me na kashe shi, da ido?"

"Da ilimi. Wancan hutun wa ya ɗauki kwamfutata ya kwashe mata hanji ya zuba wani?"

"Babbar manhaja na canza maka, Mbah, ba hanji ba. Kuma godiya ya kamata ka yi. Waccan da aka ɗora maka a rumfar kasuwa ai ba manhaja ba ce, asibiti ce. Da na duba ta, cutar da na gani a ciki ko likitan dabbobi sai ya gudu."

"Ita da cutarta muna zaman lafiya. Ni ma ina da hawan jini, an kwashe mini hanji?"

"Kullum ka kunna sai wata mata ta fito tana cewa ka ci babur."

"Mace mai fara'a. Ta fi ki iya gaisuwa."

"Ka kuma danna!"

"To mutum ya yi maka albishir ka ƙi amsawa? Haka aka rene ki?"

"Ina babur ɗin?"

"Yana hanya."

Ta ɗauki ayaba ɗaya, ya janye farantin zuwa gabansa.

"Mbah, ka saurara. Waccan gida ce ba ƙofa. Duk ɓarayin duniya ita suke hari, don ita kowa ke amfani da ita. Wadda na sa maka kuwa kyauta ce, ba ta kamuwa da cuta, kuma a buɗe take, kowa yana iya ganin yadda aka gina ta."

"Kowa?"

"Kowa."

"Har ɓarawo?"

"Har shi. Amma masu gyara sun fi yawa, da an ga ɓaraka sai a toshe."

"Kin ji ko, Tumini?" Da ni yake. "An tura ta makaranta ta koyo cewa idan kana son gidanka ya tsira, ka kira ɓarawo ka zagaya da shi ka nuna masa taga."

Na ci gaba da ɓare albasata. Idan suna yi, wanda ya sa baki shi suke haɗuwa su cinye.

"Kuma da kike cewa ɓarayi ba sa zuwa," ya ci gaba, "ai ba don ƙarfinta ba ne. Ɓarawo ma yana da aji. Wa zai ɓata darensa a kan abin da daga ke sai wasu samari huɗu masu tabarau marasa wanka kuke amfani da shi?"

"Manyan kamfanoni da ita suke aiki."

"Suna da murai?"

"Ka manta yadda tsohuwar take kashe kanta tana tsakiyar kunna wa Guntur karatu? Ta ce tana sabunta kanta, kada a taɓa ta?"

"Tana hutawa. Tsohuwa ce. Ke in kin kai shekarunta ko tashi ba za ki yi ba."

"Shekararta shida, Mbah."

"A wurin kwamfuta ai ta ga jikoki. Ita dai ba ta taɓa tambayata ko ni wane ne ba. Taki kuwa? In kunna, kalmar sirri. In je in yi alwala in dawo, kalmar sirri. In yi atishawa, kalmar sirri. A gidana, a kan tabarmata, wata 'yar akwati tana tambayata takardar shaida. Tun da kika sa ta, mutum nawa ta hana shiga?"

"Ba a gani, ai shi ne amfaninta."

"Ni na gani. Mutum ɗaya ne. Ni."

Ratri ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.

"To ina gawar? Ka ce na kashe tsuntsu. Ni dai ina jin motsinsa."

Mbah ya tashi da ƙyar, ya sauko da kejin ya rataye shi a ƙugiyar ƙasa, ya zare zanen a hankali. Guntur ya girgiza, sabon gashi yana sheƙi, ya ɗaga jela ya buɗe baki. Masha Allah. Ya jero kukan tsuntsun gona, ya shiga na kanari, ya saki wata doguwar shewa mai rawa wadda ban taɓa jin ya yi ba. Ni kaina na dakata da wuƙar.

"Ka gani?" in ji Ratri. "Manhajata ce wannan. Sauti tas, ba matar babur a tsakiya. A ba ni tutar kawai."

"Jira."

Guntur ya kai ƙarshen shewar, ya karkata kai gefe, ya ce, "Tut-tut."

Ya sake. "Tut-tut. Tut-tut."

"Tun shekaranjiya da bakinsa ya buɗe," in ji Mbah. "Duk inda ya kai wurin daɗi sai ya sa wannan. Ki gaya mini, a wane daji ake samun tsuntsu mai tut-tut?"

"Wannan ai ragowar tsohuwar ce. Ƙarar gargaɗin cuta. Ta daɗe a kunnensa."

"Tsohuwar tilin-tilin take yi. Muryarta mai ladabi ce."

"To firji ne."

"Firjinmu gurnani yake."

"Motar mai burodi."

"Nduk, ɗauko akwatinki."

Ta shiga ta ɗauko kwamfutar Mbah, ta buɗe a kan tabarma kusa da kejin. Mbah ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa ɗaya sama kamar mai shirin kashe sauro, ya fara neman haruffan kalmar sirri. Ya danna nan, ya danna can, ya koma ya duba, ya danna babban maɓalli.

Kwamfuta ta ce, "Tut-tut."

Guntur ya ce, "Tut-tut."

Ko a ma'auni aka sa su ba za a raba ba.

"Muryar wa?" in ji Mbah.

"Wannan ƙarar kuskure ce. Idan ka buga daidai ba ta yi."

"Ban tambaye ki tarihinta ba. 'Yar gidan wa ce?"

"Yatsunka ne, Mbah! Yatsu kamar rogo. Sau nawa kake kuskurewa kowace safiya?"

"Ban ƙirga ba. Kalma ce kika ba ni ko hukunci? Babban harafi, ƙaramin harafi, lamba, wata alama kamar kashin kaza. Kika ce kada in rubuta, kada in gaya wa kowa. Na ce a sa sunan Guntur kika ce ɓarawo zai gane. Na ce a sa ranar haihuwata kika ce za a gane."

"Kai kanka ba ka san ta ba."

"To kin ga ai ta fi tsaro."

Suna cikin haka Guntur ya sake karkata kai. Ya ce, "Tut-tut." Sai kuma ya buɗa baki ya ja wani dogon tsaki, irin mai fitowa ta gefen haƙori, ya ƙarasa da ɗan tari.

Ni na sunkuyar da kai cikin albasa, ina istigfari a zuci, don dariya a gaban suruki ba kyau.

"Wannan kuma," in ji Ratri a hankali, "wace manhaja ce?"

"Ban ji komai ba."

"Tsakinka ne, Mbah. Har tarin. Tsuntsun nan ya sauke ka kaf. Ranar Lahadi alƙali zai matso da 'yar tutarsa, Guntur ya dube shi ya ce bai iya buga kalmar sirri ba, ya ja masa tsaki."

"Wa ya sa ni tsakin? Da can ina tsaki?"

"Ibu," ta juyo gare ni, don haka ake ce wa uwa a wajenmu, "da can yana tsaki?"

Na ce albasar nan tana da yaji.

"Kawo," in ji ta, tana share hawayen dariya. "Ƙarar kawai zan kashe, aikin minti ɗaya ne. Ka ga yadda masu ilimi suke yi."

Ta ja kwamfutar gabanta, yatsu goma suka yi ta rawa, ta buga.

"Tut-tut."

Guntur ya amsa, ya ja mata tsaki.

"Madannan ne suka yi tauri," in ji ta. "Ka zuba musu shayi."

Ta sake. "Tut-tut."

Mbah ya jingina da bango, ya ɗauki ayaba ya fara ci a nitse. "Ci gaba, malama. Tsuntsun yana ɗaukar darasi."

"Ai kalmar ba tawa ba ce, taka ce. Ni ina da kalmomi sun fi ashirin a kaina."

"Yanzu kuma babu ko ɗaya."

Tun ɗazu Yu Parmi mai kayan miya ta tsayar da kekenta a bakin shinge tana jiran in fito. Sai ta leƙo ta saman furanni ta ɗaga murya.

"Nduk, kin manta tauraron! Bayan bakwai ɗin akwai tauraro, sannan ki danna."

Ratri ta juya ta dube ta. Ta juyo ta dubi kakanta. Ta sa tauraron, kwamfuta ta buɗe.

"Mbah. Yaya aka yi mai kayan miya ta san kalmar sirrinka?"

"In na gwada na gaji, tsuntsu ya zauna ba karatu? Duk wanda ya zo wucewa sai in kira shi in karanta masa ya buga. A baki na iya ta, a yatsa ne take gudu."

"Wa da wa?"

"Parmi. Ladan. Mai kawo gas. Matan da ke zuwa karatu wurin uwarki."

"Ibu!"

Na ce ni dai an ce in taimaka.

"Sai Darmaji," in ji Mbah. "Shi ya fi kowa sauri, hannun aski."

"Abokin gabarka? Ka ba shi kwamfutarka?"

"Me zai sata? Hotunan tsuntsun da ya fi nasa? Kin gani, da can ba kalma, ba wanda ya taɓa mini akwati. Yanzu da kika sa mata kwaɗo, duk unguwa tana da mabuɗi, ban da mai gida da wadda ta ƙera kwaɗon."

Yu Parmi ta ce ko jikarta ma ta haddace, tana rera ta in ana mata wanka.

Ratri ta kashe ƙarar. Ta cire tambayar kalmar ma gaba ɗaya, ba wanda ya ce mata. Sannan ta ɗago. "To yanzu zai daina?"

Mbah ya matsa kusa da kejin. Ya ɗauki gyare ɗaya daga gwangwani ya miƙa ta tsakanin sandunan keji, Guntur ya cafke.

"Abin da ya shiga lokacin zubar gashi ba ya fita sai wani zubar gashin," ya ce. "Baɗi ke nan, in muna raye ni da shi."

Ya ɗauki zanen ya fara lulluɓe kejin, yana gyara kusurwoyi fiye da yadda suke bukata. Na ga Ratri ta daina murmushi.

"Ba za ka kai shi ba?"

"In kai shi ya zagi alƙali a gaban mutanen gari uku? Ba zai je ba. Abin da ya rage, wa zai shiga shagon Darmaji ya faɗa. Na ce masa ya tanadi hankici."

Ta rufe kwamfutar. "Ni zan je."

"Ki ce masa me?"

"In ce tsuntsun ya kamu da cutar kwamfuta."

"A'a. Taki ba ta kamuwa da cuta. Ke kika faɗa, uwarki shaida, Parmi shaida."

"Mbah..."

"Shago cike yake da mutane ranar Asabar. A faɗa musu gaskiya."

Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa. "To. Zan ce jikarka ce ta zo da ilimi."

"Da ƙarfi za ki faɗa, Darmaji kunnensa ɗaya ne."

"Da ƙarfi."

Sai a lokacin ya saki dariyar da yake riƙewa, har tarin ya taso masa. Ya tura mata farantin da ƙafa, saura ayaba ɗaya a ciki, wadda ta ƙone.

"Ci ki samu ƙarfin murya."