Tokar Baba Mamman da Takin Bature

Ko tsufa zai cinye mini tunani, ba na jin zan manta da ranar da na tona dankali a Fakku. Shekarar da aka samu mulkin kai ce, na fito daga makarantar aikin gona ke nan, aka turo ni ƙasar Kebbe a matsayin ƙaramin malamin gona. Aikin na gwaji ne. Babban malami zai zo daga Sakkwato bayan damina ya duba, in ya gamsu a tabbatar da ni, in bai gamsu ba in koma gidan ubana a Tambuwal. Ni kuwa a lokacin ji nake duk Jihar Arewa babu wanda ya kai ni sanin ƙasa (gajeren wandon kaki ne da keke suka ruɗe ni, ba komai ba).

A bakin fadama na haɗu da Baba Mamman, wani dattijo mai noman dankali. Na iske shi yana barbaɗa toka a kunya, da wani farin gari da ya ce ɓawon katantanwa ne ya ƙona ya daka. Dariya ta kama ni, na ce, "Baba, wannan ai camfi ne. Shara kake zuba wa gona?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, haka munka iske iyayenmu na yi. In an sa, dankali bai ruɓa."

Sai na nemi ya ba ni rabin gonar in nuna masa noman zamani, ya ko ba ni. Na zabga mata takin Bature, irin mai sa ganye, har na ƙara a kan abin da aka koya mana a makaranta. Don rashin kunya kuma na kafa alluna biyu. Nawa na rubuta "Noman Ilimi", nasa na rubuta "Noman Duhun Kai". Baba bai iya boko ba, kullum sai ya gyara wa allon nasa zama in iska ta karkatar da shi.

Ganye kam na yi ganye, kore shar, har masu wucewa na tsayawa kallo. Ranar duba gona na tara dagaci da manoma, na yi wa babban malami jawabi mai tsawo. Ya saurara, sannan ya ce, "To, a tona mu gani."

Na karɓi fartanya da kaina, don kada wani ya raba ni da yabo. Na farko da na ciro a ɓangarena ya tsage, gefensa ya yi baƙi. Na ce tsautsayi ne. Na biyu ina kamawa yatsana ya nutse ciki, wani ruwa mai ɗoyi ya gangaro mini har gwiwar hannu. Dagaci ya ja da baya yana toshe hanci da rawani. Wallahi da ƙasa ta buɗe a lokacin da na gode mata.

Aka tona na Baba, ga su nan jajaye, masu tauri, fata sumul. Babban malami ya tambaye shi abin da yake sawa, ya faɗa masa. Sai ya juyo ga jama'a ya ce toka da ɓawon katantanwa suna ɗauke da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashin mutum. Shi ke sa jikin dankali ya yi tauri, cuta ta kasa huda shi. Takin da na tula kuwa ganye ya ciyar, ya bar 'ya'yan da taushi. Daga nan idonsa ya faɗa kan allon Baba. Ya karanta, ya dube ni, ya ciro alƙalami. Na san aikina ya tafi.

Baba Mamman ne ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron ga ya yi muna amfani. Shekara da shekaru nika faɗa ma mutane su sa toka, ba su ji ba. Yau da yar raba gonar biyu, kowa ya gani da idonai. A bar muna shi." Mutumin da na ɓata wa rabin abincin shekara ke nan, kuma daga baya na ji tun ranar farko aka karanta masa abin da na rubuta.

An bar ni. Kafin ya hau mota babban malami ya ce mini a hankali, "Maganar kalsiyam tana cikin littafinku na makaranta, babi na ƙarshe." Na koma masauki na buɗe, ga ta nan kuwa, shafin ko lanƙwasa babu. Tun daga ranar, in na ga manomi na yin abin da ban gane ba, sai in rufe bakina in tambaye shi, don na gano ba kullum ne duhun kan yake gefen da na kafa allo ba.