Bafal Biyu na Baya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Afrilu ba, ko da yake Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Birnin Konni, Faransanci nake koyarwa, kuma duk unguwarmu Mushe ake kirana, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a nan. Ba na shan taba, ba na caca, ba na zaman majalisa har a aiko nemana. Ciwona ɗaya ne, sauti. Tun ina saurayi na yarda cewa Allah ya ba ni kunnen da bai ba kowa ba (babu wanda ya taɓa gaya mini haka, ni na gano da kaina).

Shekara shida ina fama da wata tsohuwar rediyo mai kaset da na haɗa da tele. Bafal ɗinta, wato lasifika, biyu ne, na hagu ya tsage, duk wanda ya yi magana a fim sai ka rantse mura yake yi. Ana nan sai na karanta a waya cewa waɗanda suka san abin da suke yi ba sa kallon fim da bafal biyu. Akwai amfili, wato na'urar ƙara sauti, na musamman da ke ɗaukar bafal biyu a gaba, biyu a baya, yadda in mota ta wuce a cikin fim za ka ji ta bi ta bayan ƙeyarka. Tun ranar da na karanta wannan, duk fim ɗin da na kalla sai in ji ana cutata.

Albashin malami ba ya sayen irin wannan kaya. Amma akwai wani abu a ajiye. Ni da matata Rabi mun daɗe muna tari don mu sayi firigo, tana son ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi, kuma a Konni mai sayar da sanyi ba ya rasa ciniki. Na zaunar da ita na yi mata darasi cikakke, har da zane a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi: ga kujera, ga mutum, ga kibiyoyi huɗu suna shiga kunnensa. Ta dubi zanen ta daɗe, sannan ta ce:

"To, Mushe, na ji. Amma da sharaɗi. In ka sawo, a samu mutum guda, ba kai ba, wanda za shi ce ya ji abin ga na bayan ƙeya. In an samu, na yi shiru. In ba a samu ba, ka maishe su, a sai firigo."

Na amince nan take. Har tausayinta na ji.

Ranar kasuwa na hau kabu-kabu na tsallaka Illela (ta Najeriya nake nufi, ba tamu ta arewa ba). A wata rumfa na samu amfili na hannu, baƙi, mai nauyin buhun siminti, da ƙananan bafal biyu na baya. Na gaba kuwa ƙarfina bai kai ba, sai na sayi guda ɗaya don ya maye gurbin mai murar, ko da yake bai yi kama da ɗan'uwansa ba ko kaɗan. Waya ma ta wutar gida na saya, na ce ai waya waya ce. Duk rubutun jikin amfilin da Ingilishi yake, ni kuwa Ingilishina bai wuce gaisuwa da cinikin man fetur ba. Mai rumfar ya ce in tsaya ya nuna mini yadda ake yi. Na ce masa ya bari, ni malami ne.

A gida na ga wani ɗan makunni a gaban amfilin, mai gefe biyu. Rubutun gefe ɗaya ya goge. A ɗaya gefen an rubuta MAIN. Nan na yi murmushi, domin duk ɗan aji ɗaya a lakwal ya san cewa a Faransanci main hannu ne. Na yi lissafi irin na masu ilimi: gefen da ya goge na malalata ne, inji ya yi musu komai, wannan kuwa na aiki da hannu ne, na waɗanda suka san sauti. Na tura shi wajen hannu, ban ƙara bi ta kansa ba.

Na kafa ƙusa biyu a bangon baya na falo, na rataye ƙananan, na ja kujera ta jingina da bangon. Washegari da na dawo daga lakwal, bayan la'asar, na sa wani fim na jirgin ruwa na zauna. Ban yi minti biyar ba sai na ji shi. Wani gurnani ne mai zurfi, a hankali, daga baya, har ina jin sa a ƙashin bayana. Injin jirgin ne, kuma ni ina zaune a cikin jirgin. Ba zan ɓoye ba, idona ya kawo ruwa.

Wani lokaci gurnanin yakan tsaya, can kuma ya dawo. Wannan bai dame ni ba, don na karanta cewa bafal ɗin baya ba sa magana kullum, sai inda ya kamata. Abin da ya ɗan ba ni mamaki shi ne da na sa wani fim na soyayya, a nan ma akwai injin jirgi. Na ce masu fim sun fi ni sani. Kuma kullum a wannan lokacin nake kallo, saboda Rabi ta hana a kunna bayan isha'i don barcin jaririyarmu.

Na kira ta ta zauna a kujerar, na tambaye ta me ta ji. Ta saurara, ta ce:

"Ni dai injin niƙa nika ji."

Maganar ta yi mini zafi. Na ɗauka gatse ne. Na ce a raina wanda bai san sauti ba, da abin da ya sani zai kwatanta shi.

Saura shaida. Na zaɓi abokin aikina Mushe Idi, malamin lissafi, mutumin da a shekara goma ban taɓa jin ya yi wa kowa gardama ba (ban ce don haka na zaɓe shi ba, amma ban ce ba don haka ba ne). Muka sa Asabar bayan la'asar.

Da hantsin Asabar ɗin sai ga sallama. Baba ne, mahaifin Rabi, ya zo daga Tajaye don a duba masa ido. Baba manomi ne mai ɗan kiwo, dogo, maras yawan magana. Shekara takwas da aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama kan kujera yana ɗaki ba. Na samu labari cewa lokacin da na nemi Rabi, wasu dangi sun yi ƙorafi, shi ne ya kashe maganar da cewa, "Malami na, yana da hankali." Shekara takwas ina riƙe da wannan shaida tamkar ƙwai a cokali.

Da Idi ya iso, Rabi ta leƙo falo ta ce:

"Mushe, tunda ga Baba, shi ma shi ji mana. Shaidu biyu sun hi ɗaya."

Da ina da hankalin da Baba ya ce ina da shi, da na ce a bari sai wani lokaci. Sai na ce madalla.

Na zaunar da Baba a kujerar jikin bango, Idi a gefensa, Rabi ta tsaya bakin ƙofa. Na rufe tagogi. Na kashe fanka, na bayyana cewa ƙararta tana ɓata sauti (a watan Afrilu, a Konni, ga dattijo da rawani). Na sa fim ɗin jirgin. Don kada a ce na gaba ne ke aikin, sai na zagaya na zare wayoyinsu gaba ɗaya, kamar yadda na saba yi ni kaɗai. Falo ya yi tsit, sai gurnanin nan daga baya, cikakke, ya ma fi na kullum.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri a rufe idanu. Ido yana hana kunne aiki."

Suka rufe. Ni ma na tsaya a tsakiyar falo na rufe nawa, na ɗaga yatsa ɗaya sama, na shiga aji.

"Wanga da kuka ji, injin jirgin na. Ku lura, ba daga gaba shika zuwa ba. Daga baya na. Ku ji yadda shika taɓa ƙashin baya. Yanzu ga shi ya ɗan sauka, direban jirgi ya rage wuta, sun kusa gaɓa. To, ga shi ya tashi kuma, sun koma tsakiyar teku."

Na yi bayanin nisan teku. Na yi bayanin yadda Turawa ke raba sauti gida huɗu. Na yi bayanin dalilin da ya sa ba kowane kunne ke kama wannan ba. Gumi yana bin wuyana, amma raina fari ƙal, don na san firigo ya tafi ke nan.

Idi ya yi gyaran murya. "Mushe."

"Dakata, Idi, nan na wurin da yaf hi daɗi."

Na ci gaba. Sai na ji muryar Baba, a hankali, irin yadda ake tada mai barci:

"Malam, an hwa ɗauke wuta."

Na buɗe ido. Tele baƙi ƙirin. 'Yar jar fitilar amfilin a mace. Mutum uku suna kallona, kuma daga yadda suke zaune na gane sun daɗe da buɗe nasu idanun. Jirgin kuwa yana nan yana tafiya abinsa a tsakiyar teku.

Baba ya karkata kai ya jingina kunne da bango, ya saurara, ya ce:

"Inji na. Bayan bangon ga shike. Gero aka niƙa, ba dawa ba. Dawa ta hi haka ƙara."

Rabi ta ce daga bakin ƙofa, "Namu na, Baba. Na tuwonku. Ni nik kai shi ɗazu."

Ashe gidan da ke bayan namu, wanda ƙofarsa ke kallon wani layi daban, sun sa injin niƙa mai aiki da man gazuwal, ba wutar lantarki ba, a makon da na sawo kayana, kuma bayan la'asar mata suka fi kai niƙa. Duk matan unguwa sun sani. Rabi ma ta gaya mini, da Hausa mai kyau, ni ne na ɗauke ta a matsayin mai adon magana.

Yatsana yana nan a sama. Ba a koya mana yadda ake sauke yatsa a gaban suruki ba. Na kai shi kaina na yi susa, na durƙusa a inda nake.

Idi, Allah ya saka masa, ya so ya taimaka. Ya ce, "Amma hwa injin na da sauti mai kyau."

Rabi ta ce, "To, Mushe, sharaɗinmu."

Baba ya share gumi da bakin rawaninsa ya ce:

"Bar mishi kayanshi, Rabi. Namijin da ka iya tsayawa shi ji daɗin injin niƙa haka, ba shi da wuyar zama."

Bai yi dariya ba, ko murmushi bai yi ba, da zuciya ɗaya ya faɗa. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga mai hankali na koma maras wuyar zama, a cikin falona, da kuɗin firigon 'yarsa rataye a bango.

Ranar Litinin na kira wani mai gyaran rediyo da ya yi zaman Sakkwato. Bai ko buɗe amfilin ba. Ya dubi ɗan makunnin, ya tura shi ɗaya gefen, ya ce a Ingilishi wannan kalma ba ta da alaƙa da hannu, manyan bafal na gaba take nufi, su kaɗai. Wato tun ranar farko ni da kaina na kashe na baya. Ya sa fim ɗin, na baya suka yi magana a karon farko: wani ɗan siririn tsiwirwiri, irin na gyare a damina. Na zauna na saurara da gaskiya, tsakanina da Allah. Injin niƙan ya fi su daɗi nesa ba kusa ba.

Rabi ta bi maganar mahaifinta, ba ta ƙara tada zancen ba. Shirun ne ban iya ɗauka ba. Ni da kaina na sauke su daga bango na mayar Illela, mai rumfar ya karɓa da ragi mai ciwo. Sai da muka ƙara tari kafin aka samu ɗan ƙaramin firigo na hannu, kuma lokacin da ya iso ruwan sama ya riga ya sauka, masu neman ƙanƙara sun ragu. Zafin shekarar nan gaba ɗaya ya wuce ta saboda kunnena, kuma wannan ɓangaren ba ya ba ni dariya har yau.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ina aiki da shi. Ko a aji ne, in na ce wa mutane su rufe idanu, ni nakan bar nawa ɗaya a buɗe.