Wankan Garkuwan Gona

A wani daji da ƙasarsa ta gaji har gero ya daina wuce kunnen zomo, wata matashiyar bushiya mai suna Tabawa ta dawo daga karatu da ƙunshin ƙasa a ka. Ta ce a cikinta akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a saiwar wake, suna zuƙo abinci daga iska suna ciyar da gona. Gwaggo Gafiya ta ce an tura yarinya neman ilimi ta dawo da turɓaya. Damina bayan damina Tabawa tana yayyafa ƙasar nan a gandun majalisa da 'yar gonarta, tana roƙon a daina ƙone kara, a bar saiwa a ƙasa. Ana kiranta Uwar Iskoki, tana amsawa kai a sama.

Sai ga shekarar da gero ya ɓoye giwa. Rumbuna suka cika har ana zuba hatsi a kogon kuka. Kunkuru ya yi tsalle. Kura ta ci tuwo ta yi hamdala.

Baba Burtu, shugaban majalisa, ya hau suri ya kumbura maƙogwaro.

"Jama'a, mu ba butulai ba ne. Waɗannan bayin Allah da 'yarmu take faɗa, waɗanda ni tun farko na gaskata da su, sun yi mana aiki ba albashi. Majalisa ta ba su sarautar Garkuwan Gona. Kun kuwa san al'adarmu: ba a naɗa kowa sai ya fito gaban jama'a, ya yi wanka tsaf, ya zauna a kan shimfiɗa ya saurari jawabai. A tono su."

Guɗa ta tashi. Tabawa ta miƙe.

"Baba, a yi mini afuwa. Ba sa son rana, ba sa son sabulu. Darajarsu ita ce a ƙyale su a inda suke."

"Kunya ce, 'yar nan," in ji Gwaggo Gafiya. "Ni ma ranar bikina sai da aka jawo ni daga rami."

Washegari aka tumɓuke saiwar waken gandu kaf, aka kankare saman ƙasa aka loda a kwanduna. Aka cuɗa da sabulun salo, aka ɗauraye, aka shanya a dandali, ana kiɗa ana rawa. Da aka zo gonar Tabawa, sai aka tarar da ita a bakin kunya ta dunƙule, ƙayoyinta a tsaye.

"Matsa, Uwar Iskoki, kada ki hana baƙinki arziki," in ji Gwaggo Gafiya.

"Gwaggo, ki taɓa ki ji."

Aka zungure ta da sanda, ta mirgina ta dawo. Aka watsa mata ruwa. Biri ya gwada ɗaukarta, ya koma yana tsotson yatsu. Tun hantsi har la'asar tana nan, rana tana gasa ta, ƙishirwa ta busar mata da harshe, tana jiyo tafi daga dandali. Can ana ta jawabai, masu sarauta suna shanye a rana. Daga ƙarshe aka naɗa wa kwando mafi girma rawani, Baba Burtu ya yaba da natsuwarsu, ya ce bai taɓa ganin manyan da suka yi shiru haka ba. Tabawa kuwa aka hana ta zaman majalisa saboda rashin kunya.

Damina ta zagayo, geron gandu ya fito rawaya, siriri kamar tsintsiya. Gonar Tabawa kaɗai ta yi kore shar. Da yunwa ta matsa, Gwaggo Gafiya ce ta fara zuwa da ƙwarya.

"Ai ni na raine ki, Tabawa."

Ta auna mata, ta auna wa na bayanta.

Da ciki ya ɗauka, majalisa ta zauna bincike. Baba Burtu ya ce, "An gano matsalar. Na gandu sun yi fushi ne, domin sarautar ta yi musu kaɗan. Ba za mu maimaita kuskuren ba. Na gonar 'yarmu za mu ba su wadda ta fi, kuma bikin mako guda za a yi."

Tabawa ta durƙusa ta yi wa majalisa godiya, ta koma gida ta nemi dutsen washi ta hau wasa ƙayoyinta.