Jakada Ya Zaɓi Otal a Madrid

Duk garin Pereira, in ana maganar sanin Turai, babu wanda ya kama ƙafar Don Eliécer Quiceno. Ya san titunan Madrid kamar shi ya zuba musu kwalta. Ya san kantin da ake ɗinka wa manya takalmi, ya san gefen titin da bai kamata a ga mutumin kirki ba. Wannan ilimi duk a bayan kanta ya tara shi, tsakanin tayil da kwanukan bayi da yake sayarwa, domin har ya kai shekara hamsin da takwas bai taɓa tsallake teku ba. Mu 'yan kulob ɗin 'yan kasuwa, da yake mu ma ba mu taɓa ba, sai muka naɗa shi Jakada. A gabansa mu faɗa da ladabi, a bayansa mu faɗa da dariya, shi kuma duka biyun amsawa yake.

Zaɓen shugaban kulob ne ya tayar da tafiyar. Abokin takararsa, Don Fabio Marulanda mai sayar da tayoyi, ya je Miami ya dawo da hoto a bakin ruwa, har an fara ja masa kujera. Jakada ya riƙe hoton da yatsu biyu.

"Miami," in ji shi, "ai Pereira ce aka kunna mata fanka. 'Yan'uwa, ni daga barandar otal ɗina a Madrid zan gaishe ku, kai tsaye, ku ga yadda ake zama."

Tikitin jirgi a yini ɗaya ya samu. Otal ne ya ci wata uku.

A ƙasarmu kowace unguwa da lambarta, daga ɗaya zuwa shida, tana nan a jikin takardar wuta don kada mutum ya manta matsayinsa. Don Eliécer a biyu aka haife shi, a biyar yake kwana, a shida yake magana. Saboda haka abu na farko da ya yi shi ne ya buga waya wani otal ya tambayi lambar unguwarsu. Matar da ta ɗauka ta ce su a can unguwa ba ta da lamba. Ya ajiye wayar cikin tausayi.

"Ƙasa guda, da sarki da komai, amma ba a san wane ne wane ba!"

Sai ya ɗauki nauyin gyara musu. Ya shimfiɗa taswira a kan kanta, ya samo jan fensir da rula, ya shiga raba wa Madrid lambobi. Wanda ya shigo sayen famfo sai ya fita da lacca.

"Gran Vía uku ce, ta masu gajeren wando da kyamara a wuya. Malasaña kuwa gwanjo suke sayarwa, su ce salo ne, ni da na san gwanjo tun ba shi da suna. Chueca akwai kantuna, amma yara sun yi yawa. Unguwar Salamanca, nan ne magana. Titin Serrano shida ne. In ba don dokar ƙasa ba, da na ba shi bakwai."

Muka gyaɗa kai. Wasunmu har suka rubuta.

Matarsa Doña Amparo ce kawai ta lura da rular. Duk otal ɗin da zai auna, daga wuri ɗaya yake fara awon, can kudancin taswira, unguwar Usera. Nan yayarsa Nubia take kwana, shekara ashirin da biyu ke nan. Ita ta goye shi lokacin da uwarsu ke soya wainar masara a tasha, kuma motar tayil ta farko da ta tsaya a ƙofar kantinsa da guminta ta zo. A kulob cewa yake, "Yayata tana harkar kiwon lafiya a Turai." Ba ƙarya ya yi ba, tsofaffi take yi wa wanka. Otal ɗin da ya zaɓa daga ƙarshe yana da baranda da mai gadi mai doguwar riga, amma abin da ya fi burge shi, nisansa da Usera rula ba ta kai ba sai da ya ɗaga ta sau biyu. Ya gaya wa Nubia taruka za su yi masa yawa. Sunan otal ɗin kuwa ya ɓoye wa kowa.

Sai dai ba a barin Pereira zuwa Madrid hannu sake. Kwana uku kafin tafiya muka fara zuwa ta ƙofar baya, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana waige kada ya haɗu da ɗan'uwansa. Wannan da mazarƙwaila, wancan da garin masara, wani gahawa da man zafi, duk an naɗe an rubuta suna. Kowa ya ce na wani ɗan'uwa ne da ke kasuwanci a can. Don Fabio da kansa ya aiko da ƙunshi, na wansa manajan otal. Jakada ba shi da halin ƙi, kowane ƙunshi ƙuri'a ne. Akwati biyu suka cika. Shirinsa shi ne ya zuba su a tasi ya tura Usera, fuskarsa ba ta je ba.

Ranar da suka sauka, mai gadin otal ya rusuna ya yi masa maraba. Jakada ya ji kamar harshen mutumin ya taɓa shan ruwan garinmu, amma ya kawar da tunanin. Ba a kallon fuskar mai gadi a unguwa ta shida.

Ranar Asabar muna teburin abincin rana a kulob, a can kuma rana ba ta faɗi ba, aka jingina waya da kwalbar yaji. Ga Jakada a baranda, kwat ruwan toka, ga jakar wani babban kanti ya rataya, wadda ɗankwali ɗaya ne a cikinta. Doña Amparo ke riƙe da waya.

"'Yan'uwa," ya fara, "ku saurari shirun nan. Shiru na masu asali. A unguwar nan ba a ɗaga murya, ba a shanya, ba a kiran mutum daga..."

"Auta!"

Muryar daga tsallaken titi ta fito. Titin siriri ne, kuma a barandar da ke kallon tasa wata gajeriyar mata ce cikin rigar aiki, ta turo wata tsohuwa a keken guragu shan iska.

"Kai Auta! Eliécer na mai waina! Wayyo Maryamu, kai ne?"

Wata uku yana auna inda mutanenmu suke kwana. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa inda suke yini ba.

Ya yi wa waya murmushi. "Wata 'yar ƙasarmu ce, da alama ta san sunana."

"Wata? Ni ce wata? Ni da na wanke maka gindi har ka shiga makaranta? Kai, dubi tumbi! Amparo, me kike ɗura masa? Ina mazarƙwailata?"

"Amparo," in ji shi ta gefen baki, "kashe."

Doña Amparo ta ce ba ta ga maɓallin ba. Shekara talatin tana sauraron lacca, yau kuwa ta ƙara saita wayar.

Nubia ta leƙa ƙasa ta ƙwala kira. "Gildardo! Ƙanena ne, shi ya zo da saƙonni! Hau ka sauko da akwatunan!"

Mai gadi ya cire hula ya ɗaga kai. Wayar ta bi shi. A teburinmu cokalin Don Fabio ya faɗi. Mai gadin nan wansa ne, manajan otal ɗin da ya ce mana, da farar safar hannu.

Kafin rabin awa ƙofar gefen otal ta cika. Masu raino da kekunan jarirai, masu dafa abinci, wani da karnuka huɗu da ba nasa ba, duk daga gidajen unguwa ta bakwai. Nubia ta zauna a kan akwati tana kiran suna kamar malamar aji, ta faɗi mai karɓa ta faɗi wanda ya aiko. Ga ƙanwar mai kantin magani. Ga surukar ma'ajinmu. Ga matar wanda ya ce mana matarsa tana kwas. Kowa a cikinmu ya sami abin kallo a cikin farantinsa.

Da ta gama, ta kama fuskar Jakada da hannu biyu. Hannuwan sun yi kaushi, suna warin sabulun wanki. Idonsa ya kawo ruwa, saura kaɗan ya zama Auta.

"Yaya," ya ce, "a hankali, kwalar rigata."

An yi zaɓe bayan mako biyu. Jakada bai ci ba, Don Fabio ma haka. Wani tsohon likitan haƙori muka zaɓa, ba shi da fasfo, ba shi da dangi, kunnensa ma ba ya ji sosai. A wajen taro muka ce kulob yana bukatar natsuwa. Yayar Jakada ba ta dame mu ba. Namu da ya nuna ne ba mu yafe ba.

Shi kuwa ya dawo da ƙarin ilimi.

"Madrid ta lalace," yake gaya wa masu sayen famfo. "Baƙi sun cika ta. Mutum mai daraja yanzu Paris yake nufa."

Taswirar Paris tana kan kanta, jan fensir yana aiki, mu kuma mun fara tanadin mazarƙwaila a ɓoye. Doña Amparo ta san a Paris ɗin ne 'yar Nubia ta sami aikin goge-goge bara, ta san ma unguwar. Ta dai sayi waya mai ƙarfin batir.