Yadda Za Ka Warkar da Motar Kawu Kafin Ya Dawo

Kawu ya yi tafiya, ya manta makullin motarsa a aljihun rigar da ya ba ka wanki. Motar da ba ya barin kowa ya shiga, kai ma iyakarka wanke bayanta. A ɗakin ƙofar gidansa kake kwana tun da ka gama sakandare, ba ka da wani wurin. Duk da haka ka fita da ita. Sai da ka hau titi ka lura wata fitila ruwan lemo tana ci a bayan sitiyari, motar kuma tana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Bi matakan nan. Na yi maka alkawari za ta warke sarai.

1. Kada ka yarda ka gani

Ƙara muryar rediyo. Ka ce titin ne ba kyau. Yawancin matsalolin duniya haka ake musu. In haƙoranka suka fara haɗuwa da juna, wuce mataki na gaba.

2. Buɗe bonet

Ba don ka san komai ba. Tsaya, riƙe ƙugu, ɓata fuska. Zaro sandar baƙin mai, ka kalle ta, ka mayar. Namiji ba ya rufe bonet bai taɓa wani abu ba.

3. Saurari masana

Buɗaɗɗen bonet ya fi gidan biki tara jama'a. Mai faci zai ce taya ce. Mai wankin mota zai ce ruwa ne ya shiga. Wani dattijo da ko keke ba shi da shi zai kara kunne, ya girgiza kai.

"Ɗana, injin ya tafi. Ta waye?"

"Tawa ce, Baba."

"To Allah ya ba mai ita haƙuri."

Rufe bonet, ka ja motarka.

4. Kai ta gareji

Nemi wanda Kawu ba ya zuwa. Bakaniken zai tambaye ka yaushe ta fara. Ka ce yau. Zai dube ka, ya dubi injin, ya yi dariya ta hanci. Zai zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya yana saurare, har ya kai kan wanda aka zare amma sautin bai canza ba.

"Ga mataccen. Wannan ya riga kakarka rasuwa."

Bakanikai haka suke magana, kada ka tsaya tunani a kai. Bari ya canza. Fitila za ta mutu, injin ya koma sumul. Za ka ji kamar ka rungume shi. Kada ka yi, rigarka ɗaya ce.

5. Shafe sawu

Mayar da ita daidai inda take. Kujera baya, don tumbin Kawu. Madubi, tashar rediyo, makulli cikin aljihun riga. In matar Kawu ta leƙo ta taga ta ce, "Yau ba ta tari?" ka ce ba ka ji me ta ce ba.

6. Tarbi Kawu

Karɓi jakarsa. Zai shiga motar tun kafin ya sha ruwa. Zai tayar. Zai leƙa bayan sitiyari.

"Kai. Ina fitilata?"

"Wace fitila, Kawu?"

"Wadda nake nuna wa surukaina in sun zo aro! Ba ka taɓa jin ina cewa ba ta da lafiya ba?"

"Na ɗauka rowa ce."

"Rowa ce mana! Amma da shaida!"

A lokacin matarsa tana tsakar gida da waya a kunne: "Yaya, ta warke fa. Ku zo gobe, har da kayan."

Kawu ba zai ɗaga murya ba. Zai miƙo hannu kawai. Ba gaisawa yake so ba, makullin ɗakinka yake jira.

Gargaɗi

Lafiyar mota na yi maka alkawari, kuma ta samu. Ban ce komai game da wurin kwananka ba. Ba ruwana da Kawunka, da surukansa, da tabarmarka da ke bakin ƙofa. Kada ka neme ni. Inda nake raɓewa tun da na warkar da motar kawuna, mutum ɗaya ma da ƙyar yake miƙe ƙafa.