Kunun da na ƙi karɓa a ƙauyen su Tendai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na nemi tsarin Allah daga kunu. E, kunu. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ina ƙaramin malamin gona a wajen Kadawa, shekarun da wayar salula ta fara shigo mana, aka tura ni Zimbabwe kwas na wata biyu kan noman rani. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba. (Gida-gida na bi garinmu Bunkure ina sallama, har da waɗanda ba su san ina gari ba.) A can na yi aboki, Tendai, ɗan ƙabilar Shona, mutum mai sanyin hali. Da aka ba mu hutu sai ya ce mu je ƙauyensu in gaida mahaifiyarsa.

A mota ya yi ta koya mini al'adarsu: ana tafa hannu in za a gaisa, ana tafawa kafin a karɓi abu, ba a gaida babba a tsaye. Na ce masa ya huta, ba a koya wa Bakano ladabi. Da bakina na faɗa. Ya so ya ƙara wani bayani, na karkatar da hirar zuwa tsutsar tumatir.

Muka tarar da maƙwabta sun cika ɗakin girki, don a nan suke karɓar baƙi, maza kan dakali, mata kan tabarma, kowa ya zo ganin mutumin Najeriya. Gaisuwa ta tafi daidai, har ina jin kaina. Sai ga mahaifiyar Tendai, Amai suke ce mata, 'yar tsohuwa siririya, ta zo gabana ta durƙusa da ƙoƙo cike da wani abu fari mai kauri, yana ɗan ƙamshin tsami. Ta kai bakinta ta kurɓa, ta goge gefen, sannan ta miƙo mini da hannu biyu.

Abu biyu suka zo mini lokaci guda. Na farko, ragowa za a ba ni? Na biyu, na ji ana cewa suna dafa giya a ƙauyuka, to lallai burukutu ce. Ga Tendai kafaɗarsa na gogar tawa, amma ban tambaye shi ba. Na mai da hannuwana baya, na kau da kai, na ce "A'uzu billahi" yadda kowa zai ji, har da janye gefen riga.

Kowa ya juyo yana kallona. Tsohuwar nan tana durƙushe, hannunta a miƙe. Na ga wata mata ta kalli ta kusa da ita ta taɓe baki. Can Amai ta ajiye ƙoƙon a ƙasa, ta ɗan tafa hannu a hankali, ta fita.

Tendai ya ja ni bayan rumbu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya ce mahewu ne, kunun masara, babu abin maye a ciki. Tun da ya aika mata cewa Musulmi ne baƙon ta nemo sabon ƙoƙo da bai taɓa ganin giya ba. Kurɓar da ta yi kuma al'ada ce, mai gida yana nuna wa baƙo ba cuta a ciki, wanda ya ƙi bayan haka tsoron hannun mai bayarwa yake. Sannan ya gaya mini abin da ya fi muni: tun da mahaifinsa ya rasu farat ɗaya wasu a ƙauyen suke raɗa cewa mayya ce, da yawa sun daina cin abincinta. Kwana biyu tana murna baƙo daga nesa zai sha daga hannunta a gabansu.

"Yau ka ba su shaida," in ji shi.

Na koma ɗakin da sauri, na tarar maƙwabta sun fara watsewa. Na ɗauki ƙoƙon na shanye, na nemi ƙari, sai da na sha uku, cikina ya zama tulu, ina ta tafi kamar a gidan biki. Amai ta sa Tendai ya gaya mini ba komai, baƙo bai sani ba. Amma waɗanda ya kamata su gani sun tafi. Har muka baro ƙauyen ba ta ƙara miƙo mini komai da hannunta ba, sai dai ta aiko.

Da na dawo Bunkure na ba Inna mahaifiyata labari, ina jiran ta ce ai na kiyaye addinina. Tana tankaɗe, ta tsaya.

"Tsohuwa a durƙushe, ka bar ta da ƙoƙo a hannu? Koyo aka tura ka ko wa'azi? Bakin tambaya ciwo yake maka?"

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Bayan shekara biyu Tendai ya rubuto mini cewa Amai ta rasu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Tun daga nan na koyi in tambaya kafin in nemi tsari, yanzu har mutane na cewa na cika tambaya. Guda ɗaya ce na kasa yi wa Tendai har yau: mutum nawa ne a ƙauyen suka je jana'izarta.