Layun Labulen Dubai

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da yatsana ya taɓa abin nan ba. Ina shara a falo, na kama gefen labule zan ɗaga don tsintsiya ta shiga ƙarƙashi, sai na ji wani abu mai tauri a cikin kalmasar ƙasa. Ɗan ƙarami ne mai kusurwa huɗu, bai fi kan babban yatsa ba, amma da nauyinsa. Na sake shi kamar na taɓa garwashi. Duk wadda ta tashi a Rigasa ta san abin da ake naɗewa da kusurwa huɗu a ɗinke a ɓoye. Laya.

A lokacin satina uku da tarewa, a ciki da falon da muka kama haya a Hayin Banki. Maigidana ya tafi ɗaurin aure Zariya tun da sassafe, ni kaɗai ce a gidan. Na yi bismilla na lalube ɗaya kusurwar. Akwai. Na je labule na biyu. Akwai. Labulen ɗaki, labulen ƙofa, kowanne da biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wato an zagaye ni. Sati uku ina kwana ina tashi a tsakiyarsu, har da yi musu turaren wuta.

Sai na ba ku tarihin labulen nan kafin ku gane irin ramin da na haƙa wa kaina.

Babana tsohon direba ne, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya yi min gado da katifa da kujeru, daga nan ƙarfi ya ƙare. Sauran kwalliyar gida ni na haɗa da dabara. Ledar ƙasa mai zanen tayil, wadda in ba ka durƙusa ba za ka rantse tayil ne. Takardar mannawa a bango ɗaya kawai, wanda mai shigowa yake fara gani. Furannin roba a cikin kwalbar da na shafa wa fenti ruwan gwal. Saura labule. Na je shago na tambayi kuɗin yadi, mai shagon ya faɗa, na ce masa zan je in dawo (har yau yana jirana). Daga nan na sa niƙabi, ni da ban taɓa sa niƙabi ba, na shiga wajen 'yan gwanjo ranar da aka fasa sabuwar dila. A nan na gan su, masu kauri, ruwan zuma, kamar na gidan gwamna. Na biya da sauri na miƙa wa mai wanki da guga na bayan layinmu, ya dawo min da su a ninke a cikin leda. Ban sake buɗewa ba har ranar jere.

Su kuwa dangin maigidan ma'aikatan gwamnati ne, kowa daga ofis yake ko zai tafi ofis. A gidansu in aka ga sabon abu ba a cewa ya yi kyau, sai a ce daga ina. Don haka na gaya wa 'yan uwana masu zuwa jere, duk wanda ya tambaya a ce Gwaggona ce ta zo da su daga Dubai. Gwaggon nan tawa tana nan a raye, tana sayar da ƙuli-ƙuli, kuma tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce Kano.

Amarya ba ta zuwa jere, amma an ba ni labari. Anti Rabi, yayar maigidan, ita ta kawo makulli, kuma da yake doguwa ce ita ta hau kujera ta rataye labulen duka da hannunta. An ce har ta kori mutane daga ɗakin, wai suna tare mata haske.

Wannan maganar ce ta faɗo min ina tsaye da tsintsiya. Ta kori mutane. Ta zauna ita kaɗai da labulena.

Na kira ƙawata Zulai, wadda da ana ba da digiri a tsoro da ita ke koyarwa.

"Guda nawa?" in ji ta.

"Takwas."

"Innalillahi. Ke, wannan ba na ciwo ba ne, na raba aure ne. Kina ciwon kai?"

Ina yi kuwa, kullum da yamma. (Ɗaki a rufe, sabon fenti, ga turaren wuta ina bankawa safe da yamma don kada warin gwanjo ya dawo. Amma wa ya tsaya wannan tunanin.)

"Mijinki fa, ya rage magana?"

Ya rage. Jiya ma ya dawo ya ci abinci ya yi barci a kan kujera. Shekaranjiya shinkafata ta ƙone, ni da nake girki tun ina aji uku. Sai kuma na tuna, na ba Zulai labarin ranar da Anti Rabi ta fara kawo min ziyara, ta dubi takardar bangon nan ta taɓa da farce ta ce, "Za mu ga ko zai daɗe." Na ɗauka takardar take nufi.

"Aurenki take nufi," in ji Zulai. "Kada ki taɓa da hannu. Kuma kada ki gaya masa, ƙila ya riga ya kama shi."

Na ɗauko reza da cokali mai yatsu, na durƙusa ina karanta duk surar da na haddace, wata ma daga tsakiya nake kamawa. Na farke kalmasa ɗaya. Abin ya faɗo a kan ledata, a ɗinke cikin farin ƙyalle. Fari fa, kamar likkafani. Na tura shi da cokalin cikin gwangwanin madara na rufe, na zura hijabi a kan zanen da nake shara da shi, na tari Keke zuwa Unguwar Kanawa, gidan Hajiya, mahaifiyar maigidan. Duk hanya gwangwanin yana cinyata yana ƙara in an faɗa rami, ni kuma ina salati.

Niyyata in ja Hajiya gefe in gaya mata a asirce. Na manta ranar Asabar 'ya'yanta mata ke taruwa a gidan. Na yi sallama na tarar da falo cike, an idar da azahar ana cin dambu, Anti Rabi tana tsakiya da cokali a hannu. Ta dube ni ta ce, "A'a, amarya, ba a yi wata ba har an fara yawo?"

Ban san lokacin da na zube a gaban Hajiya ba. Na ajiye gwangwanin na fashe da kuka, na ce da muryar da na tabbata maƙwabta sun ji, "Hajiya, a tambayi Anti Rabi me na yi mata. In ba ta son aurena da ƙaninta ta faɗa, ba sai ta ɗinka min layu a labule ba."

Anti Rabi ta ajiye cokalin a hankali.

Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauki gwangwanin. Ta daɗe tana ɗinki kafin idonta ya yi rauni, kekenta yana nan a lungu an rufe da zane. Ta juye gwangwanin a tafin hannunta, ba bismilla ba komai, ta jinjina abin, ta murza shi da yatsa. Na ga bakinta ya ɗan motsa.

"A ƙasan labule kika samu? Kowace kusurwa ɗaya?"

"E, Hajiya."

"To, kafin in buɗe, ina so in san asalin labulen. In sabo ne daga Dubai kamar yadda aka ce, to sai a bi duk hannun da ya taɓa shi. Rabi tana nan. Sai a aika a ɗauko Gwaggonki da ta kawo shi, da fasfo ɗinta, ta zo ta yi mana bayani." Ta ɗan dakata. "In kuma daga dila ya fito, na san ko mene ne, kuma ba sai an tashi kowa ba."

Jama'a, na yi tunani. Wallahi na tsaya na auna. Ga asiri a gefe ɗaya, ga kalma ɗaya a ɗaya gefen, kuma na kai minti guda ina ganin kamar gara asirin. Sai na hango Gwaggo a falon nan da warin man ƙuli a zanenta ana tambayarta yaya Dubai.

Na ce, "Gwanjo ne."

"Ɗaga murya, 'yar nan, kunnena ya yi nauyi. Ɗazu da kike kiran sunan Rabi na ji ki sarai."

"Gwanjo ne, Hajiya."

Ta sa aka miƙo mata almakashi, ta yanke farin ƙyallen. Wani ɗan ƙarfe mai toka-toka ya faɗo a faranti. Babu takarda, babu rubutu, babu ko gashin wani.

"Dalma ce," in ji Hajiya. "Masu ɗinkin can ƙasashen suna sa ta a ƙasan labule mai kauri don ya tsaya a miƙe, iska ba ta ɗaga shi ba. Na ciro irinta ba adadi a labulen da mata ke kawo min daga gwanjo in rage musu tsawo."

Wata daga cikin ƙannen maigidan ta ƙware da dambu, sai da aka ba ta ruwa. Anti Rabi ita ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

"Ni da na hau kujera da ciwon gwiwa," ta ce. "Na ga tambarin otal a bayan na ƙofa, shi ya sa na kori mutane, na zauna na tsinke shi da reza don kada 'yan uwanmu su gani su yi da ke. Ashe boka na zama."

Na so ledar falon Hajiya ta buɗe in shige, sai dai nata tayil ne na gaske. Na rarrafa na ba Anti Rabi haƙuri. Ta ce ta yafe, amma daga ranar sunana a gidan ya koma Amaryar Dubai, kuma jiya-jiyan nan ta kira ni tana tambaya ko Gwaggo za ta sake tafiya, tana da saƙon zannuwan gado. Abin da na koya shi ne, in za ki yi ƙarya a kan kaya, ki fara juya shi ciki da waje ki lalube kowace kusurwa. Kuma kada ki kira Zulai.

Amma a ranar, ko da na ga dalmar da idona, tsoron bai sake ni ba (har yanzu in zan wuce ta jikin labulen sai na ɗan kauce). Ina durƙushe har aka kira la'asar. Mata suka tashi alwala, na matsa kusa da Hajiya na ce a hankali, "To Hajiya, babu abin da zai same ni?"

Ta kama hannuna ta danƙa min dalmar, da allura da zare.

"Babu abin da zai same ki. Tashi ki yi salla ki tafi gida ki mayar da ita inda kika ciro, kafin mijinki ya dawo ya tarar da Dubai ta karkace."